Ƙaramar Ƙwayar Yaya Dalhatu

Yayana Dalhatu bai taɓa mallakar abin da ya daɗe a gidansa ba. In ya sayi tsani, to mutanen Gammo ne suka yi tsani. In ya sayi baro, duk mai kwasar taki a unguwar ya huta da ɗaukar kaya a ka. Akwai shekarar da ya sayo keke sabo fil daga kasuwar Gwarzo, na rantse ban taɓa ganinsa a kai ba, sai dai in hango keken ya wuce da wani ƙato, mai keken kuwa yana tafe a ƙasa yana ɗaga masa hannu.

Mu biyu iyayenmu suka bari, shi babba, ni Ikilima ƙarama. Mahaifinmu malami ne mai karantar da littattafai a zaure, mai zafin rai, kuma kowa ya shaida ni na gaji zafin. Dalhatu kuwa ban san wa ya gado ba. Karatu bai yi nisa da shi ba, sai ya kama injin niƙa a bakin hanya, ya yi shekara da shekaru a cikin garin dawa da masara, girarsa fara fat. Ya auri Humaira, mace mai haƙuri irin nasa, suka haifi 'ya'ya mata, duk suka yi aure. Ni kuma aure ya kawo ni Gwarzo, ina koyarwa a wata Islamiyya.

A unguwarmu ta Gammo ba a cewa "ba ni". Abin kunya ne. Mutum zai zo ya durƙusa, ya gaishe ka, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya yi maka addu'ar gamawa lafiya, sai ya yi kamar zai tashi, sannan ya ce, "Af, ko tsanin nan yana kusa?" Shi ke nan ya ɗaure ka. In ka ce a'a, sunan marowaci zai bi ka har kan jikokinka. Mutane masu wayo sun san yadda ake zillewa, su ce ai wane ya riga ka ɗauka. Yayana bai iya ba. Amsarsa ɗaya ce tun yana saurayi har ya yi furfura: "Ba komai, ɗauka." Da haka ya zama mutumin kirkin gari. Mutumin kirki kuwa a wajensu shi ne wanda za ka ari fartanyarsa ranar da shi ma yake da noma, ka mayar da ita ba ƙota, ya yi maka godiya.

Ciwon ya fara masa ne da haki. Buhun da yake ɗagawa da hannu ɗaya sai ya gagare shi. Daga nan ƙafafu suka kumbura har takalmi ya daina shiga, kwanciya ta gagara, sai ya jingina da bango yake samun barci. Masu dubiya suka yi ta tururuwa, kowa da sunan da ya raɗa wa ciwon. Wannan ya ce shawara ce, wancan ya ce sanyi ne ya kama shi, wata tsohuwa ta ce sammu ne, ta ma kusa faɗar wanda ya yi. A iya sanina wannan ne karo na farko da mutanen Gammo suka shiga gidan Dalhatu da abu a hannu maimakon su fita da shi, shi ma saiwoyi ne da sassaƙe waɗanda ba su da mai so.

Da na je na ga yadda ya koma, ban tsaya shawara da kowa ba. Na samo mota na kawo shi asibiti a Gwarzo, daga nan aka tura mu Kano aka yi masa hoton zuciya. Likita ya ce zuciyar ce ta gaji, ta buɗe, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafa da ƙirji. Aka kwantar da shi, aka ba shi ƙwayar fitsari da wasu magunguna, ruwan ya sauka, ya fara numfashi kamar mutane. Sai da ya daidaita sannan aka ƙara masa wata 'yar ƙaramar ƙwaya, wadda likitoci ke kiran jinsinta bita-buloka.

A asibitin Gwarzo akwai wata nas, Sista Joan, 'yar kudancin Kaduna ce amma ta daɗe a garin, Hausarta ta fi ta wasunmu. Ita ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Ta ɗaga ƙwayar fitsari ta ce, "Baba, wannan za ka ga aikinta da idonka, ƙafa za ta sace." Sannan ta ɗaga ƙaramar. "Wannan kuwa ba za ka ji komai ba. Da farko ma za ta iya sa ka kasala. Aikinta ta rage wa zuciya gudu. Kamar jakin da ya gaji ne, Baba, in ka daina dukansa ya yi tafiyarsa a hankali, sai ya kai ka gida. An gwada ta a kan dubban masu irin ciwonka, aka ga a cikin masu shanta kullum, mutuwa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Za mu fara da kaɗan, mu riƙa ƙarawa sannu sannu. Amma ka ji ni da kyau, ba a tsallake ta, ba a kuma yanke ta dare ɗaya. In aka yanke, zuciyar zabura take yi."

Yaya ya gyaɗa kai ya ce, "Ba komai, Sista. Allah ya saka." Ni dai na kalle shi, don na san wannan "ba komai" tun ina goye.

Na riƙe shi a gidana na wasu watanni, ni nake ba shi maganin da hannuna. Yadda Sista ta faɗa haka aka yi. Makonnin farko jikinsa ya mutu, in ya miƙe sai jiri, ya yi ta mita wai an kawo shi asibiti an ƙara masa ciwo. Na yi kunnen uwar shegu da shi. Duk bayan 'yan makonni mu koma, a auna bugun zuciya da hawan jini, a ƙara masa kaɗan. A hankali mutum ya dawo. Ya fara zuwa masallaci da ƙafarsa, ya fara cin tuwo har da neman ƙari. Da aka sake hoto a Kano likita ya ce zuciyar ta ɗan murmure. Ranar na yi kukan daɗi a cikin mota, ban ji kunyar kowa ba.

Ya koma Gammo, ya koma wajen injinsa, yana zaune yana duba aiki. Fiye da shekara guda muna cikin wannan sauƙin. Mutanen gari suka ce jiƙon tsohuwar nan ne ya yi aiki a makare. Na ƙyale su, don ni yayana nake so da rai, ba gardama ba.

Wanda ya fara buɗe ƙofar shi ne Malam Ƙasim, na'ibin liman. Ƙasim yana da karatu, ba na hana shi, amma da ya tsaya gaban jama'a sai muryarsa ta kama rawa, gumi ya keto masa. Liman ya yi tafiya, Juma'a ta faɗo kansa. Ya zo wajen injin niƙa ya gaishe da Yaya, ya tambayi jiki, ya tambayi iyali, sannan ya shiga ƙorafin faɗuwar gaba, wai zuciyarsa kamar za ta fasa ƙirji. Shi kuwa mai kyauta, ba a ma tambaye shi ba, ya ce, "Ai ina da wata 'yar ƙwaya, Sista ta ce gudun zuciya take ragewa." Ya ɓallo ɗaya ya ba shi.

Ranar Juma'ar nan Ƙasim ya yi huɗuba kamar an haife shi a kan mumbari. Kafin la'asar duk Gammo ta ji labari.

Daga nan ba a sake samun mai faɗuwar gaba a garin da ya haƙura da tasa ba. Mudi, wani ɗan siyasa da yake neman kansila tun ina amarya bai samu ba, ya riƙa zuwa kafin kowane taro. Mai shari'ar iyakar gona ya biyo ya karɓa kafin ya je gaban alƙali. Ango ya karɓa. Uban ango ma ya karɓa. Gwamma, maƙwabciyarsu, wadda ɗanta ke tuƙa babbar mota zuwa kudu, ta aiko a ba ta saboda gabanta na faɗuwa duk lokacin da waya ta yi ƙara. Ta sha, jiri ya kwashe ta a bakin rijiya, saura kaɗan ta afka ciki. Aka ce iskar rijiya ce ta buge ta, aka yi mata hayaƙi, ta warke ta sake aikowa. Ƙwayar har suna ta yi, "ta Dalhatu". Ana maganarta yadda ake maganar tsaninsa, ko tana kusa, ko wani ya riga ka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ba wanda ya taɓa aron ƙwayar fitsari. Ita wannan ba ta da farin jini, wa yake son ya je taro yana zaryar ban ɗaki? Saboda haka ita Yaya yake sha kullum ba fashi, ƙafarsa ba kumburi, kowa ya gan shi ya ce lafiya ta samu. Ita kuwa ƙaramar, wadda aka ba shi ta wata guda, kafin tsakiyar wata ta ƙare. Sai ya zauna haka har ranar komawa asibiti, ya karɓo sabuwa, ya sha kwana kaɗan, masu gaisuwa su kwashe sauran. A asibiti in an tambaye shi yana sha, sai ya ce yana sha, kuma a ganinsa bai yi ƙarya ba.

Humaira ce ta kira ni a waya, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Yaya Ikilima, Malam fa hakin nan ya fara dawowa. Zuciyarsa kuma in na ɗora hannu sai in ji tana dukan uku-uku. Ni dai ki zo, amma don Allah kada ki ce ni na faɗa miki."

Na je da hantsi. Na tarar da shi a zaure da Mudi, an gama gaisuwa, an kai daidai wajen "ko tana kusa". Katin maganin na hannun Yaya. Na fizge shi.

Na ce, "Mudi, kai da Allah ba ka jin kunya? Maganin majinyaci za ka karɓa don ka je ka yi wa mutane ƙarya ba tare da muryarka ta yi rawa ba?"

Ya gyara hula ya ce, "Haba Malama, me ya yi zafi? Guda ɗaya ce fa. Kuma ai shi ya saba ba mu, ba ƙwace muke yi ba. Ki tambaye shi."

"Guda ɗaya kai, guda ɗaya Ƙasim, guda ɗaya Gwamma. Kun san abin da kuke ɗauka? Kwanansa kuke ɗiba."

"Subhanallahi, Malama, kwana ai na Allah ne. Ke da kike karantar da yara kike wannan magana?"

Irin mutanen ke nan. Su kwashe maka magani, sannan su karanta maka tauhidi. Na ce ya fita. Ya fita yana cewa shi ba a taɓa yi masa irin wannan cin fuska a gidan Dalhatu ba.

Yaya bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba. Ya bari na huce sannan ya ce, "Ikilima, zauna ki ji. Ni wannan ƙwayar tun da nake shanta ban taɓa jin abin da ta yi mini ba. Ta fitsarin na gani, ita ta sauke mini ƙafa. Su kuwa in sun sha, a take suke ganin amfani. To abin da ba na jin aikinsa, wani kuma yana ji, in ƙulle shi a ɗaka? Mutum ya zo har gida ya gaishe ni, in dube shi in ce babu, alhali yana ganin akwai?"

Na ce, "Yaya, amfaninta shi ne kana zaune a nan kana ba ni amsa. Ba za ka ji wani abu ya wuce wannan ba."

Ya yi murmushi irin na wanda ƙanwa ke yi wa wa'azi. Ya ce, "To, ba komai."

Na tasa shi gaba zuwa Gwarzo a ranar. Sista Joan da ta ji labari sai ta zauna a kan kujera ta riƙe kai. Ta ce, "Baba, kana sha kana yankewa, kana sha kana yankewa, ai gara ma a ce ba ka fara ba. Su kuma waɗanda kake ba wa, akwai mai asma a cikinsu? Ka san tana iya shaƙe shi?" Likita ya duba shi ya ce zuciyar ta koma baya, dole a sake farawa daga ƙasa, a hau a hankali kamar farko. Na so in riƙe shi a gidana, ya ce kaka ta zo, niƙa ya yi yawa, ba zai bar mata suna yawo da ƙwarya ba. Namiji ne mai iyali, ba zan ɗaure shi da igiya ba. Na damƙa wa Humaira maganin, na ce ta ɓoye, ita za ta riƙa ba shi da hannunta.

Ta yi ƙoƙari, baiwar Allah. Ta tura shi can ƙasan kwalla. Amma masu aro ba su daina zuwa ba, hanya kawai suka sauya. Sai su zauna a zaure su tsawaita gaisuwa, har Yaya ya leƙa cikin gida ya ce, "Humaira, ɗauko mini ɗaya, baƙo na jira." Ranar da ta ce a'a, kafin magariba matan unguwa sun gama da ita. Wai ta mallake miji, wai tana toshe masa hanyar lada, wai ƙanwar miji 'yar birni ta zuga ta. Gwarzo ce fa birnin. Gwamma ta daina amsa mata sallama. Mace mai haƙuri, wadda za ta kwana ta tashi da waɗannan mutane, ina za ta kai wannan? Ga kuma zaɓe ya matso, kowa a gari ya zama mai jawabi, kowa gabansa na faɗuwa.

Na je na roƙi Malam Ƙasim da kaina ya yi wa jama'a magana a masallaci, tunda shi ya fara. Ya sunkuyar da kai ya ce lallai za a duba, amma abu ne mai nauyi a hana mutum yin alheri da abin hannunsa. Bai faɗa ba, bai kuma daina karɓa ba.

Wata safiya Yaya yana wajen injin, ya miƙe zai gyara bel, sai ya dafe ƙirji ya sulale. Kafin a samo mota a kai shi asibitin Kabo rai ya yi halinsa. Ni dai na san ajali ba ya wuce lokacinsa, ba sai an koya mini ba. Amma na kuma san abin da Sista ta faɗa, na san abin da aka yi ta fitarwa daga gidan nan ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, da sallama da addu'a. Humaira ta ce mini rabonsa da shan ƙaramar an fi mako.

Jana'izarsa ta cika maƙil. Zaman makoki kuwa sai yabo. Wannan ya ce ba a taɓa yin mai kyauta irinsa ba, wancan ya ce gari ya yi rashi, yanzu wa za a je wa. A wannan kam sun yi gaskiya. Gwamma ta fi kowa kuka, har sai da aka riƙe ta. Ina zaune kusa da Humaira ina amsa "ya haƙuri", bakina ɗaci, ina kallon fuskokin da na san kowacce ta haɗiyi wani abu nasa.

Ranar sadakar uku, bayan an yi addu'a an fara watsewa, aka ce mini ana sallama da ni a soro. Na fita na tarar da Mudi a durƙushe. Ya yi mini ta'aziyya mai tsawo, ya ce komai ya wuce, shi bai riƙe ni a zuci ba. Ya yi wa mamaci addu'a, ya yi wa iyayenmu. Ya yi kamar zai tashi, sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro wani fankon katin magani, duk ya lanƙwashe.

Ya ce, "Af, Malama, ke da kike da boko, ɗan karanta mini sunan nan. Na kwatanta wa mai kemis a Kabo, ya ce in kawo masa sunan, lallai yana da ita, ashe ma ba wuyar samu gare ta ba. Tunda Allah ya yi wa Malam rasuwa, ai yanzu sai dai mu saya."